Ba kullum mai ƙarfi ke tafiya da kifin ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga, inda masanin ya ce tsakanin ƙasa da ƙasa ƙarfi ne kaɗai ke magana, doka da yarjejeniya kuwa ado ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma rigingimun kamun kifi sun karya wannan magana a wurare da dama.

A duba Birtaniya da Aislan, ƙasar tsibiri da ke arewacin Tekun Atlantika. A 1958 Aislan ta ce ruwan da ke mil 12 daga gaɓarta nata ne, a 1972 ta mai da shi mil 50, a 1975 ta kai shi mil 200. Kowane karo Birtaniya ta turo jiragen ruwan yaƙi su raka masuntanta. Aislan ko soja ba ta da shi, mutanenta a lokacin ba su kai dubu 250 ba, 'yan jiragen gadin gaɓarta ne ke bi suna datse igiyar tarun Turawan Ingila. Duk da haka Birtaniya ce ta ja da baya har sau uku. Aislan na riƙe da sansanin ƙawancen tsaro na NATO da ke Keflavik, inda ake sa ido kan jiragen Sobiyet na ƙarƙashin teku, sai ta yi barazanar rufe shi, a 1976 ma ta yanke hulɗar jakadanci. Sannan kifi shi ne abincinta da kuɗin shigarta, a wurin Birtaniya kuwa sana'ar 'yan garuruwa ce irin su Hull da Grimsby. Wanda tukunyarsa ke kan wuta ya fi naci. A 1982 dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da mil 200 ɗin.

Ga misali a ƙofar gida. Da Tafkin Chadi ya janye, masuntanmu suka bi ruwa har Darak. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a 2002, Najeriya, duk da girmanta, ta kwashe jami'anta a 2003.

Abin da masanan ke tsallakewa shi ne masuncin kansa, wanda ya wayi gari haraji da jandarma na wata ƙasa ne. Ina roƙo ku turo wakilinku kasuwar kifi ta Haɗejia ya tambayi dillalan banda yadda iyakar tafkin ke shafar cinikinsu.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Guri, Jihar Jigawa