Fentin siginar jirgin ƙasa ba ado ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan aikin da na ci abinci da shi har na tsufa, wato tuƙin jirgin ƙasa. Kwanakin baya na bi ta gefen wani layin dogo, na tarar jan fentin hannun sigina, wato allon da ke saman dogon turke da ake ɗagawa ko saukewa don ba direba umarni, ya koɗe har ya kusa komawa fari. Wallahi raina ya ɓaci.

Direba launi yake hange tun daga nesa, kuma jirgi mai kaya in an danna masa birki yana iya cin kilomita guda ko fiye bai tsaya ba. Shi ya sa a tsarin Ingila hannun sigina iri biyu ne: ja mai farin zane na tsayawa, sai rawaya mai baƙin zane, bakinsa kamar wutsiyar kifi, da ake kafawa da nisa kafin a iso ga jan don gargaɗi. Bayan kowanne fari ne, don direban da ke tahowa ta ɗaya ɓangaren ya san ba da shi ake ba. Ka ga ke nan jan da ya koɗe ya fara kama da bayan sigina.

Da can a fitilar sigina ta dare, farar wuta ce alamar a wuce, kore kuma a yi hattara. To, in jan gilashi ya fashe ya faɗi cikin dare, me direba zai gani? Farar wuta, ya wuce abinsa a inda ake nufin ya tsaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka mayar da kore alamar wucewa, daga baya rawaya ta karɓi gargaɗi. Abin da ya fi burge ni, gilashin kore na tsofaffin fitilun kananzir shuɗi-shuɗi ne, sai harshen wutar mai rawaya ya ratsa shi kafin ya fito kore.

Haka kan jirgi. Da masu dizal suka maye gurbin masu kwal a Biritaniya, ba su da hayaƙi da haki irin na da, sai a farkon shekarun 1960 aka fara shafa wa goshinsu rawaya don ma'aikatan kan layi su hango su da wuri.

Ina roƙon masu kula da layukan dogo su sa duba fenti cikin jadawalin gyara, kamar yadda ake duba birki, a kuma riƙa wanke ƙurar goshin jirgi da gilasan fitilu.

Naka,
Wani tsohon direban jirgin ƙasa