Sun ce in sayar da motar in yi shiru da aibinta

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da kai da abokan aikinka na gidan rediyo, da fatan iyali suna lafiya. Ya haƙuri da mu masu kawo kuka?

Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, shekarata 14 ina koyarwa. Ba na barin filinka ya wuce ni, kuma na san yawancin abin da ake kawo maka zancen aure ne da gado da bashi. Nawa zancen na mota ne, amma in ka daure ka karanta har ƙarshe za ka ga bashi da surukuta da amana duk sun shigo ciki. Don Allah kada ka faɗi sunana, waɗanda maganar ta shafa suna sauraronka.

Ban sayi mota don a ce ina da mota ba. Mahaifiyata tana ƙauye bayan Keita, ciwon gwiwa ya hana ta hawa babur, kuma maiɗakina ta haifi na huɗu. A farkon 2024 na ci bashin banki a kan albashina na shekara huɗu, na sayar da babur ɗina, maiɗakina ta kwashi adashinta ta ba ni. Ka tuna yadda kasuwar motoci take a lokacin. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Benin ke rufe, motocin da aka saba kawowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano ta gadar Malanbil zuwa Gaya suka daina shigowa, waɗanda ke zuwa daga Lome kuma sai sun ratsa Burkina da rakiyar soja. Kuɗin mota ta hannu ya hau sama. Don haka da wani dillali a Yamai ya aiko mini hoton Toyota Corolla ƙirar 2005, mai giyar hannu, mai shan fetur, a kan sefa miliyan 3 da jika 200, duk wanda na nuna wa sai ya ce in yi sauri kada a riga ni.

Izinin kwana biyu kawai na samu a wurin aiki, ga tafiyar kusan kilomita 550. Na isa Yamai da la'asar. Na tarar an wanke injin tas yana ƙyalli, kuma da ɗuminsa, alamar an riga an tayar da shi kafin in zo. Allon gaba ya nuna kilomita 148,000. Muka zagaya unguwa sau biyu, na duba takardun duwan da katin mota, na biya. Ban je da makanike ba, ban kuma kwana na ga yadda take tashi da sanyin safiya ba. Wannan kuskurena ne, kuma ina faɗinsa don masu saurare da ke shirin saye.

Da na iso gida, ba ni da wurin kai ta sai garejin Kawu. Kawu ƙanin mahaifiyar maiɗakina ne, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama bayan rasuwar mahaifinta, kuma shi ya tsaya a kan aurenmu lokacin da ba ni da ko gadon kirki. Ya fi shekara 30 yana gyaran mota, a kan Peugeot 504 da Land Rover ya koyi aiki, kuma tsofaffin direbobin hanyar Agadas har yau suna ganin girmansa. Ranar farko ya cire wani ɗan ƙarfe da ake kira tarmosta, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, a Adar ba abin da yake yi sai toshe ruwa. Ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Ya zubar da jan ruwan da ke cikin radiyata ya cika ta da ruwan famfo. Ban ce uffan ba, me na sani? Na yi godiya na tafi. Ko dala bai karɓa ba.

Kusan shekara guda motar ta yi mini aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Sai dai tana shan ruwa. Da farko gora ɗaya a mako, daga baya ta koma gora ɗaya duk kwana biyu. Duk lokacin da na gaya wa Kawu sai ya ce zafin gari ne, in riƙa yawo da jarka a baya.

Bayan ƙaramar salla, cikin watan Afirilun 2025, na ɗauko Inna zan kai ta asibitin Galmi a duba mata gwiwar. Ka san zafin wannan wata a wajenmu, ya wuce digiri 40 tun kafin azahar. Mun wuce Badagishiri, ba mu kai Tsarnawa ba, na ga allurar zafi ta haye can sama, motar ta fara rasa ƙarfi, wani wari mai kama da ƙonannen sukari ya cika ciki. Na gangara gefen kwalta na kashe ta. Tururi na fitowa ta ƙarƙashin murfin gaba. Na kai hannu zan buɗe bakin radiyata, wani direban babbar motar albasa da ya tsaya ya daka mini tsawa ya riƙe hannuna, ya ce da na buɗe da tafasasshen ruwa ya sale mini fuska. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a gindin wata aduwa, muka yi awa uku a wurin, ruwan shanmu ya koma kamar na wanka. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, sai dai ta riƙa ce mini, "Ɗan nan, kada ka damu, ƙarfe ne." Malam, wannan kalma tata ta fi zagi yi mini ciwo, domin don ita na sayi ƙarfen. Daga ƙarshe na sa ta a motar haya tare da wata mata mai zuwa Malbaza, ni kuma na tsaya neman wanda zai ja ni zuwa Tawa.

Kawu ya buɗe inji ya ce juwan kilas ya ƙone, wato wannan shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda ke hana ruwa da baƙin mai da wuta haɗuwa. Ya sa sabo, kayan suka ci jika 85. Mako uku tsakani ta sake tafasa a cikin gari. Karo na biyu aka aika da kan injin aka goge shi a kan na'ura don ya daidaita, aka sake sayen juwan da famfon ruwa. In na haɗa da kuɗin jan mota da baƙin mai da ake zubarwa kowane buɗi, na kashe jika 410 ke nan. Yau in na tayar da ita da safe farin hayaƙi take yi mai kauri, in ka leƙa radiyata ruwan na kumfa, ƙarƙashin murfin baƙin mai kuma akwai wani abu kamar shayi da madara.

Kawu ya ce laifin fetur ne, wai na ruwa-ruwa na sha lokacin ƙarancin man da aka yi cikin azumi a watan Maris. Gaskiya ne na sayi na kwalba sau uku a lokacin, don gidajen mai layi ne har inda ido ya ƙare. Amma ban da wannan, a gidan mai nake sha, musamman tun da lita ta sauko daga 540 zuwa 499 a 2024. Kuma ko ni da ba makanike ba, hankalina bai kama yadda fetur marar kyau zai sa ruwa ya riƙa ɓacewa tun watanni kafin in saye shi ba.

A nan na yi abin da har yanzu maiɗakina ba ta sani ba. Akwai wani tsohon ɗalibina da ya karanta gyaran mota a Yamai, ya dawo ya buɗe ɗan wurinsa, yana da na'urar da ake jona wa mota ta karanta ciwonta. Na kira shi gida bayan isha'i. Ya daɗe yana dubawa da tocila. Ya nuna mini cikin radiyata ya cika da tsatsa da wani farin dutse-dutse da ruwan famfo ke bari, rabin hanyoyinta sun toshe. Ya ce murfin radiyatar ma ya mutu, alhali shi ke riƙe matsi don kada ruwa ya tafasa a digiri 100, ya iya kaiwa wajen 120. Ya ce tarmosta ba don sanyin Turai aka sa shi ba, aikinsa ya riƙe inji a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, yana buɗewa wajen digiri 82, kuma cire shi ba ya maganin zafi, ɓoye ainihin ciwon kawai yake yi. Kan injin irin wannan mota na alminiyam ne, in ya tafasa da kyau yana lanƙwasa ko ya tsage, kuma a ganinsa nawa ya tsage. Sai ya ɗaga murfin gaba ya haska mini wata 'yar takarda da aka manna a lungu, ta wani gareji na Turai, an rubuta canjin baƙin mai a kilomita 236,000, shekarar 2019. Ni kuwa an sayar mini da ita a 2024 tana nuna 148,000. Na zauna a bakin ƙofa na rasa abin cewa.

Shawararsa ita ce a sayo wani inji na hannu daga Yamai ko Sakkwato, a sa sabuwar radiyata da tarmosta da ruwan sanyaya inji na gaske, ya ƙiyasta mini kusan jika 800. Amma bai ɓoye mini ba, injin hannu sa'a ne, mai sayarwa ba ya ɗaukar alhakinsa sai na 'yan kwanaki. Kawu kuma ya ce in kawo ya buɗe karo na uku, ba zai karɓi ladan aiki ba kamar kullum. To ka ji inda ƙafata ta maƙale. Mutumin da bai taɓa karɓar kuɗina ba, da wane baki zan ce masa aikinsa bai yi ba? Tawa ba ta da girman da za a ga motata a garejin yaron da a haife Kawu ya haife shi, labari bai kai masa kafin magariba ba. Na ɗan taɓa zancen da maiɗakina sama-sama, sai hawaye. Ta ce duk duniya ba ta da uba sai shi. Ni ma ba na zargin zuciyarsa. Abin da ya sani ya yi mini, motocin ne suka canza, kuma mai yiwuwa ciwon yana nan tun kafin ta zo hannunsa, tun da an wanke injin an ɗumama shi kafin in gani.

Amma abin da ya hana ni barci har na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Wani dillali a nan ya samo mini mai saye. Saurayi ne da ya yi shekara shida yana biɗa a Abijan, kamar yadda samarin Adar suka saba, ya tara abin da ya tara, ya dawo yana son motar da zai riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Tawa da Ƙonni ya zauna kusa da iyayensa. Ya taya miliyan 2 da jika 600. Dillalin ya ja ni gefe ya ce akwai wani magani da ake zubawa a radiyata ya liƙe tsaguwar na 'yan makonni, a canza baƙin mai, a wanke inji, a tayar da ita kafin yaron ya iso. Ya ce, "Malam, kasuwa ido ce. Kai da aka sayar maka, wa ya gaya maka?" In na yi shiru, kuɗin zai biya sauran bashin banki, miliyan 1 da jika 900, har in sami na babur. In na faɗi aibinta, ya ce da ƙyar ta kai miliyan 1 da rabi, in zauna ba mota, ba babur, ana cirar bashi a albashina.

Na ga yaron da idona. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce hankalinsa ya kwanta tun da ya ji motar malamin makaranta ce, ba sai ya kawo makanike ba. Hannuwansa duk kanta. Hanyar da zai riƙa bi da ita kullum, da mata da yara a ciki, ita ce hanyar da Inna ta zauna a gindin aduwa.

Ba fatawa nake nema ba, Malam. Na san ɓoye aibin kaya haramun ne, ni nake gaya wa yara haka a aji, kuma na yanke ba zan zuba wannan magani ba. Abin da nake so ka taimake ni da shi, kai da makanikan da kake gayyatowa filin, shi ne wace asarar ce ta fi sauƙi. In ƙara cin bashi in sa wani inji a motar da ban san iyakar tafiyar da ta yi ba, ko in gaya wa yaron komai, in rage masa kuɗin injin, in koma kan babur in riƙa ɗaukar wa Inna shatar mota ranar asibiti? In injin hannu za a saya, me ake dubawa kafin a biya, kuma akwai yadda za a tabbatar kan injin nawa ya tsage kafin a jefar da shi? Sannan Kawu. Shin in je in same shi ni kaɗai, ko in bi ta wajen surukata tun da yayarsa ce, ko kuwa in roƙi ɗalibin nawa ya zo garejin Kawu a matsayin mai neman albarka su yi aikin tare? Wannan na ƙarshen ya fi kwanta mini, amma ina tsoron dattijon ya gane ya ji an rena shi.

Yaron ya ce zai dawo da kuɗin ranar Juma'ar sama, bayan an sauko daga masallaci. Ina roƙonka, in da hali, ka karanta wasiƙar nan a filin wannan makon.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka,
wani malamin makaranta daga Tawa.