Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Gashin Akunsa

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na ga hotunan akun da ka turo wa Ummanku, na kuma saurari bayaninka game da tsinkayen da suka cika masa kai da wuya tun shigowar hunturu, suka kuma ƙi buɗewa har yanzu. Na zaɓi in rubuta maka ne maimakon mu yi magana a waya, domin ina son ka ajiye takardar inda maiɗakinka da yara za su riƙa dubawa, tunda su ne suke yini da tsuntsun.

Da farko ka kwantar da hankalinka, waɗannan tsinkaye ba ƙwari ba ne, sabon gashi ne yake tsirowa. Kowane gashin tsuntsu yana fitowa ne a naɗe cikin wani siririn kube, kamar yadda zangarniyar gero take fitowa a lulluɓe cikin ganyenta kafin ta buɗe. Muddin gashin yana girma, akwai jini yana gudana a cikin gindinsa, shi ya sa za ka ga ƙasan tsinken ya yi duhu alhali samansa fari ne. Idan ya gama girma sai jinin ya ja da baya, kuben ya bushe, tsuntsun ya murtsuke shi da baki, gashin ya baje. Aku ba ya zubar da gashinsa a lokaci guda, yana sake shi ne kaɗan-kaɗan cikin watanni, saboda haka ganin 'yan tsinkaye a jikinsa ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ya sa na ɗauki maganarka da muhimmanci shi ne daɗewar da suka yi, da kuma yadda na ga gashin bayansa ya dusashe a hoton.

Taruwarsu a kai da ƙeya tana da dalili mai sauƙi. Bakinsa yana kai wa ko'ina a jikinsa ban da nan, kuma a daji abokin zamansa ne yake tsefe masa wurin. Naka kuwa shi kaɗai ne a keji, don haka wannan aiki ya koma wuyanka. Sai dai ina roƙonka kada ka zaunar da shi ka ce sai ka ɓare su duka a rana ɗaya. Ka bari sai bayan ya yi wanka, ya natsu, ya sunkuyar maka da kai da kansa, sannan ka kama farin bakin tsinken tsakanin babban yatsa da manuniya ka murza a hankali. Wanda ya nuna zai rugurguje ya zama gari a yatsunka ba tare da ka matsa ba. Wanda bai nuna ba zai yi tauri, tsuntsun kuma zai janye kai ko ya yi ƙara, to nan ka tsaya, domin ciwo yake ji. Kada ka taɓa wurin da ya yi duhu, kada ka ja, kada ka sa farce, kuma ka hana yara yin wannan aiki gaba ɗaya. Idan tsautsayi ya sa babban gashin fiffike ko na wutsiya mai jini ya karye, ka barbaɗa garin masara a wurin ka danne da tsumma mai tsabta, idan jinin bai tsaya cikin 'yan mintoci ba ka garzaya da shi wurin likitan dabbobi, saboda tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 400 zuwa 500 ba jininsa ba shi da yawa.

Ka kuma tuna daga inda wannan halitta ta fito. Aku mai toka-toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne, asalinsa dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, inda iska take ɗauke da laima kusan duk shekara. Mu kuwa a nan Kano, idan hunturu ya kankama danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kai ma kana ganin yadda leɓe da ƙafa suke tsagewa. Wannan bushewa tana ƙara wa kuben tauri, tana sa fata ƙaiƙayi. Maganinta ruwa ne zalla. Ka sami kwalbar feshi sabuwa wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ka fesa ruwa mai ɗan ɗumi sama da kansa ya sauko masa a hankali, da hantsi bayan rana ta ɗaga, sau uku ko huɗu a mako, ka bar shi ya bushe nesa da fanka. Kada kowa ya ba ka shawarar shafa masa man kaɗanya ko basilin ka karɓa. Yana da wata 'yar jaka ta mai a gindin wutsiyarsa wadda yake shafawa da baki, yana kuma da wani lallausan gashi da yake zama farar hoda, wadda kake gani a rigarka idan ka ɗauke shi. Man da za ka ƙara zai liƙe gashin ne kawai, ya sa shi fara tsigar kansa.

Amma ni a ganina tushen matsalar yana cikin kwanon abincinsa. Ka ce gyaɗa da gero da ɗan biskit yake ci, kuma ba ya son komai sai su. Gashi kusan dukkansa furotin ne, irin sinadarin da ke cikin farce da ƙaho, kuma jiki ba zai gina shi da abin da ba a ba shi ba. Gyaɗa mai ne ya yi mata yawa, ba ta da bitamin A, kalsiyam ɗinta kaɗan ne, gero ma haka yake ta wannan fuska. Tsuntsun da ya shekara a kansu zai ƙoshi, har ya yi ƙiba, amma fatarsa za ta bushe, gashinsa ya fito da rauni, hantarsa ta tara kitse. Ga kuma hatsarin funfuna, domin gyaɗar da aka ajiye a wuri mai laima takan ɗauki gubar aflatoksin da ke lalata hanta, kwasfarta kuma takan ɗauki funfunar da ke kama huhun tsuntsu, wadda aku mai toka-toka ya fi yawancin tsuntsaye saurin kamuwa da ita. A kurmi kuwa yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, kuma cikin waɗanda ya fi so akwai jan naman kwakwar manja, wanda yake cike da abin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Alhamdulillahi, abin da zai maye gurbin wannan yana nan a 'Yan Kaba da 'Yan Lemo, ba sai an yi odarsa daga waje ba. Ka riƙa ba shi karas da kabewa da jan tattasai da gwanda da mangwaro idan lokacinsa ya zo, da dafaffen dankalin Hausa, musamman mai jan ciki. Ganyen zogale ɗanye da aka wanke sosai yana da kalsiyam da bitamin A, kuma na san akwai bishiyarsa a gidanka. Don furotin, ka ba shi wake da aka dafa ya nuna lugub ba gishiri ba magi, domin ɗanyen wake yana cutarwa, sannan kwatan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Ɗigon manja kaɗan a kan dankalin ya wadatar, kada ya zama miya. Gero da dawa da masara su zauna a matsayin wani sashe na abincin, gyaɗa kuma ta koma tukuici, ƙwaya biyu ko uku masu kyau a yini. Idan ka sami dunƙulallen abincin aku na kanti wanda aka haɗa masa sinadaransa, to ya zama ginshiƙi, kayan lambu su biyo baya.

Na san zai ƙi, zai watsar da karas ɗin yana kallonka, don aku yana da taurin kai a kan abin da ya saba. Kada ka hore shi da yunwa, wannan zalunci ne kuma yana iya kashe shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba, kuma duk wanda ya rufe ƙofar keji ya ɗauki irin wannan amana. Ka miƙa masa sabon abincin da sassafe lokacin da yake jin yunwa, a yanka ƙanana a gauraya da geron da ya sani, ka ci a gabansa ya gani, domin yana kwaikwayon wanda ya yarda da shi. Abin zai ɗauki makonni. Ka sayi ƙaramin sikelin kicin ka riƙa auna shi kowace Juma'a kafin ya karya, kana rubutawa, idan ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ka dakata ka nemi likita. Ka kuma sani cewa gashin da ya riga ya fito ba ya gyaruwa, amfanin sabon abinci sai a gashin da zai tsiro nan gaba za ka gan shi, don haka kada ka yanke ƙauna bayan wata guda.

Akwai abubuwan da ba za su shiga bakinsa ba ko da wasa: afokado, da cakulan, da shayi, da kofi, da albasa, da duk abin da ya ji gishiri. Ka ja kunnen baƙinka a kan goro, saboda na sha ganin dattawa suna gutsura wa aku don nishaɗi, alhali sinadarin da ke hana mu barci a cikinsa guba ne ga zuciyar tsuntsu.

Rana ma abinci ce a wurinsa. Irin wannan aku an san shi da ƙarancin kalsiyam a jini, har yakan kai ga karkarwa da faɗowa daga kan sanda, kuma jiki ba ya amfana da kalsiyam sai da bitamin D da hasken rana ke samarwa. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki. Ka fitar da kejin tsakar gida da safe kamar rabin awa, rabinsa a inuwa, wani yana zaune kusa saboda kyanwa da shirwa, ka mayar da shi kafin rana ta yi zafi. Da dare yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu, ba a falo gaban talabijin ba. Ka faɗa wa maiɗakinka cikin ladabi cewa turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya da hayaƙin janareta kada su haɗu da shi a ɗaki ɗaya.

Yanzu ga abin da nake so ka duba da idon basira. Idan sababbin gasun suna fitowa a murɗe, ko a tsuke a tsakiya, ko da busasshen jini a ciki, ko suna zubewa kafin su buɗe, ko jan gashi ya bayyana a inda ya kamata ya zama toka, ko farar hodar nan ta ɓace har bakinsa ya koma baƙi mai sheƙi, to magana ta wuce wanka da karas. Waɗannan suna cikin alamomin wata cutar bairos mai lalata baki da gashi, wadda ake tabbatarwa ta gwajin jini ko na gashi, ba ta da magani, tana kuma yaɗuwa zuwa wasu akun ta ƙurar gashi. Ciwon hanta ma yakan canza launin gashi. Ka kai shi asibitin dabbobi, idan ba su da mai ilimin irin waɗannan tsuntsaye ka nemi su tura ka asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kada ka sayi maganin kaji ko bitamin na zubawa a ruwa ka ba shi da ka, domin bitamin A da D idan sun yi yawa su ma cuta ne.

Game da tunanin da kake yi na sayo masa aboki don su riƙa tsefe wa juna kai, ban goyi baya ba. A taron ƙasashe na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, da aka yi a Johannesburg a 2016 an haramta cinikin irin wannan aku da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda ya ragu a kurmi, kuma wanda za a miƙo maka a kasuwa ba za ka san asalinsa ko cutar da yake ɗauke da ita ba. Naka yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye, ka ba shi lokacinka kai da kanka.

Ka fara da wankan da awon a wannan makon, ka kuma ɗauki hoton kansa da bayansa a hasken rana duk bayan mako biyu don likita ya sami abin kwatantawa. Ummanku tana gaishe ku, ka shafa mini kan yara. Allah Ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.