Yaron da Ke Toshe Kunne Idan An Tada Janareto

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku in yi magana kan fargabar da ke damun ƙananan yara masu lalurar otizim (mai shafar magana da mu'amalar yaro da mutane), wadda mutanenmu ke sakawa cikin galahanga. Ko ranar 2 ga Afrilu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa lalurar, ba a cika taɓo wannan ɓangaren ba.

A 2011 masana sun tattara bincike 31, suka gano kusan kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan yara na fama da matsananciyar fargaba. Amma ɗan shekara 4 da ƙila bakinsa bai buɗe ba, ta yaya zai ce wa uwarsa tsoro yake ji? Sai dai a ga ya toshe kunne an tada janareto, ko ya yi ta birgima a ƙofar mai aski, ko ya ƙi shiga aji don an sauya masa wurin zama. Ni malamar ajin yara ce, kuma abin da na fi ji a bakin iyaye shi ne "wallahi Malama, taurin kai gare shi." Wasu su ce shafar aljanu ce. Addu'a kam ba mai hana ta, amma danne yaro a turnuƙe shi da hayaƙi ana daka masa tsawa, ko a bi shi da bulala, ƙara masa firgici kawai yake yi.

Abin da ya fi aiki shi ne sabo a hankali. Ɗauki maganar aski. Yau a ajiye injin a kashe, yaro ya taɓa shi da kansa. Idan ya saba, a kunna daga can nesa na ɗan lokaci, a yaba masa, a ba shi abin da yake so. Sannan ya kalli ana yi wa babansa. Sannan a ɗora masa injin a hannu ya ji girgizarsa. Ba a matsawa gaba sai hankalinsa ya kwanta, ko da kuwa za a kwashe makonni. A gwajin da Farfesa Jeffrey Wood na jami'ar UCLA a Amurka ya jagoranta kan yara 167 'yan shekara 7 zuwa 13, wanda aka wallafa a 2020, tsarin koya wa yaro shawo kan tsoro da aka gyara musamman domin masu otizim, aka sa iyaye a ciki, aka yi amfani da abin da yaron ke sha'awa, shi ya fi rage fargaba. Ga yaran da ba su kai waɗannan shekaru ba, nauyin yana wuyan iyaye da malamai. Hotunan wanka, karin kumallo da makaranta a jere a bango suna gaya wa yaro abin da ke tafe, domin ba-zata ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ranar Sallah ma, a sanar da shi tun da wuri cewa baƙi za su cika gida, a tanadar masa ɗakin da zai fake.

Sai maganar magani. Risperidone da ake yawan rubutawa, don tsananin fushi da cutar da kai aka amince da shi a Amurka a 2006, ba don tsoro ba, kuma yana sa ƙiba da kasala. Balle maganin barcin da ake karɓowa a kemis don a huta da rigimar yaro. A fara kai shi likita ya duba ko haƙori ne, ko kunne, ko cushewar ciki.

Roƙona, Malam Edita, ku gayyato likitocin ƙwaƙwalwa daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna su riƙa amsa tambayoyin iyaye a shafinku na lafiya, da Hausar da uwa a ƙauye za ta gane idan an karanta mata.

Na gode.

Wata malamar ajin yara, Zariya