Ajiyayyen Shafin Intanet da Ya Ƙi Buɗewa, Kada a Yi Saurin Gogewa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masu ajiye shafukan intanet a kwamfuta ko waya, waɗanda idan fayil ya ƙi buɗewa sai su goge shi da zaton ya lalace. Galibi lafiyarsa ƙalau, manhajar da aka miƙa wa ce ba ta san shi ba.

Abin da za a fara dubawa shi ne haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil. Windows kan ɓoye su, sai an shiga View a File Explorer an kunna File name extensions.

Wanda ya fi yawa shi ne .mht ko .mhtml. Tun 1999 Internet Explorer 5 ke ajiye shafi a wannan tsari, kuma da Microsoft ya sallami burauzar a ranar 15 ga Yuni, 2022, sai tsofaffin fayiloli suka rasa manhajar da ta saba buɗe su. Chrome da Edge duk suna karanta shi: a danna maɓallin dama na linzami, a zaɓi Open with, ko a ja fayil ɗin a saki cikin burauzar. Kada a wahala da Firefox, ba ta gane shi, kuma UnMHT, ƙarin da ake maƙala mata a da don ta karanta shi, ya daina aiki tun fitowar Firefox 57 a 2017.

Idan har yanzu ya ƙi, a buɗe shi da Notepad. Lafiyayyen fayil zai nuna MIME-Version: 1.0 da multipart/related a layukan sama, sannan can ƙasa a ga dogayen jerin haruffa da lambobi a cakuɗe. Waɗannan hotuna ne da aka mayar rubutu, kada a taɓa su. Ginin fayil ɗin irin na saƙon imel ne mai ɗauke da kaya, shi ya sa wata dabara ke aiki: a yi kwafi, a canza ƙarshen sunan zuwa .eml, a buɗe da Thunderbird ko Outlook. A kan kwafin, ina nanatawa, ba a kan na asali ba. Amma idan girmansa 0 KB ne, ajiyar ce ba ta kammala ba tun farko, babu abin cetowa.

Fayil mai .webarchive na Safari ne, burauzar Apple, Chrome da Edge ba sa karanta shi. A nemi mai Mac ya buɗe, ya fitar da shi a PDF. Shi kuwa .maff, zip ne da aka sauya wa suna. A canza ƙarshen sunan zuwa .zip, a kwance shi.

Akwai kuma inda rubutu ke fitowa amma babu hotuna. Idan an ajiye da Webpage, Complete, abu biyu ake samu, wato fayil na .html da folda mai suna iri ɗaya da _files a ƙarshe. Aka tura ɗaya aka bar ɗaya, ko aka sauya sunan foldar, hotuna sun tafi. A haɗa su a zip kafin a aika. Wasu shafukan kuma ba sa sauke hoto sai an gangara inda yake, don haka a gangara har ƙasa kafin a ajiye. Maɓallai da bidiyo da suka daskare a cikin .mhtml ba lalacewa ba ce, Chrome ce ke hana JavaScript, wato lambobin da ke sa su motsi, aiki a ciki saboda tsaro.

Ga takarda mai muhimmanci kamar rasit ko shaidar rajista, a ra'ayina a haɗa da PDF nan take: Ctrl da P, sannan Save as PDF.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu