Littafin bashin Mile 12 ne ya sa na koyi tsara rumbun bayanai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da matasanmu na Legas masu biyan kuɗin koyon kwamfuta, da kuma malaman da ke karɓar kuɗin.

Ni nake riƙe wa baffana littafi a kasuwar Mile 12, inda yake dillancin albasa. Mota ta sauke buhuna daga Aliero ko Sakkwato, mu raba wa masu saye, yawancinsu matan Yarabawa, wasu kuɗi hannu wasu bashi. Shekara da shekaru littafin nan mai bangon kwali shi ne alƙalinmu. Da ruwan damina ya jiƙa shi sau ɗaya, sai na kwashe komai na zuba a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ina ganin na huta. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wata mata da ke zuwa daga Ketu. A wani layi na rubuta ta "Iyan Ketu", a wani "Maman Ketu", ranar da ƙanena ya zauna a madadina kuwa ya sa "mai jan ɗankwali". Mace ɗaya ta zama uku, bashinta ma ya rabu uku. Ranar lissafi na ce buhu tara muke binta, ta ce sha huɗu ne. Ita da bakinta ta tuna mana da biyar ɗin, Allah ya saka mata. Baffa bai ce uffan ba, kallo ɗaya ya yi mini, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Wani ƙanen abokina da muke zaune tare a Agege, mai gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, shi ya duba aikin ya ce, "Yaya, Excel ba ta da laifi, tsari ne babu." Ya yagi kwalin taliya ya zana akwati uku. Na farko masu saye: kowa a rubuta shi sau ɗaya tak, da wayarsa da unguwarsa, a ba shi lamba wadda ba wanda zai sake samun irinta. Na biyu kaya: fara, ja, babban buhu, ƙarami, kowanne da lambarsa. Na uku ciniki, kuma a nan ba a sake rubuta suna, lambar mai saye kawai ake sakawa da lambar kaya da rana da yawan buhu. Kowane akwati tebur ake ce masa, lambar nan kuwa ita ce mabuɗi, teburan gaba ɗaya kuma su ne rumbun bayanai. Ya ce in duba lambar NIN ɗina mai alƙaluma 11: masu suna irin nawa sun fi a ƙirga, amma lambar tawa ce ni kaɗai. Nan take na gane. In matar Ketu ta canza waya, wuri ɗaya zan gyara.

Daga baya na karanta cewa dabarar ta girme ni. Wani Baturen Ingila, Edgar Codd, da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, shi ya fito da ita a 1970, kuma a kamfanin aka ƙirƙiro SQL, harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi. Harshen bai kai tsoron da ake ji ba. SELECT na nufin zaɓo mini kaza, FROM daga wane tebur, WHERE bisa wane sharaɗi, JOIN kuma ya haɗa tebur biyu ta hanyar mabuɗi. Da waɗannan da 'yan kaɗan nake tambayar su wa ke da bashin da ya haura mako biyu, nawa ne a kan kowa, amsa ta fito kafin shayina ya huce.

Duk da haka na sake kwafsawa, kuma wannan kuskuren ne ya fi koya mini. Na ajiye farashi a teburin kaya kawai. To albasa ba ta kwana da farashi ɗaya. Mota uku su shigo da asuba ya faɗi, hanya ta toshe ya tashi. Ranar da na ɗaga farashin babban buhu, sai duk tsofaffin basussuka suka kumbura, har na waɗanda suka saya lokacin araha. Da ban lura ba da mun ci haƙƙin mutane da sunan na'ura. Gyaran shi ne kowane ciniki ya riƙe farashin da aka yi shi a kai a layinsa. Ba umarnin SQL da zai ceci mutum daga wannan, sai ya san kasuwarsa ya zauna da biro kafin ya taɓa kwamfuta.

Kukana ke nan, Edita. Na taɓa biyan kuɗin wata uku a wata makarantar kwamfuta a unguwarmu, aka koya mana buga rubutu da zana katin ɗaurin aure, ba wanda ya ambaci tebur ko mabuɗi. Alhali masu shanu a Oko-Oba, da 'yan canji, da makarantun Islamiyya masu ɗaruruwan ɗalibai, duk wannan ciwon ke damunsu. Ba maganar tsada ba ce kuwa: SQLite, manhajar rumbun bayanai da nake amfani da ita, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, tana ma cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Ina roƙon malaman su ware ko mako biyu ne, su kawo littafin shago na gaske a warware shi a aji. Malaman Hausa na jami'o'i kuma su taimake mu da kalmomi tsayayyu, don "mabuɗi" da "tebur" ɗin nan mu muka lanƙaya musu a bakin rumfa.

Baffa dai har yau bai yarda a jefar da littafin ba, yana nan cikin leda ƙarƙashin bencinsa. Amma in an fara musu da mai saye, ni yake juyowa ya kalla ya ce, "Kai, tambayi abin naka."

Naka,
Mai riƙe da littafin dillali,
Kasuwar Mile 12, Legas