Wasiƙa Ga Iyaye: Maganar Katangar Bakin Titi

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Wasiƙar wannan wata ta ɗan makara, kuma da gangan na riƙe ta, domin na so in ga yadda Asabar ɗin farko ta aikin katanga za ta kaya kafin in ce komai. To na gani, kuma ina da magana.

Duk mai kawo yaro da safe ya san katangar da nake nufi, doguwar nan da ta taso daga ƙofar makaranta ta bi bakin titi har kwana. Kun san halin da ta daɗe a ciki: fosta kan fosta, lambobin wayar masu talla da aka rubuta da gawayi, kalmomin da ba zan iya maimaitawa a nan ba, ga zarnin fitsari a gindinta. Yaranmu suna wucewa ta gabanta sau biyu kullum, suna karanta duk abin da ke jikinta. Shi ya sa tun zangon da ya wuce muka nemi izini a rubuce daga hukumar birni, muka zauna da maƙwabtan da ƙofofinsu ke kallonta, aka amince ɗalibai da 'yan sa kai su zane ta daga farko har ƙarshe.

Ranar Asabar yara sun fito fiye da yadda muka zata, har burushi ya kasa. Matasan unguwa ma sun zo, cikinsu har da tsofaffin ɗalibanmu da ba mu aika musu da takarda ba, labari kawai suka ji. Iyaye kuwa, waɗanda suka zo ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. A taron ƙungiyar iyaye da malamai hannuwa nawa aka ɗaga? Ni na ƙirga su da idona. Wasu sun aiko da saƙon cewa za su bayar da gudummawar fenti a madadin zuwa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, amma gwangwanin fenti ba ya riƙe wa yaro tsani, ba ya kuma tsayawa bakin titi ya tsare masu babur.

Waɗanda suka zo, Allah ya yi muku albarka. Akwai wata kaka da ta rako jikarta da niyyar ta ajiye ta ta koma, ta ƙare ta wuni tana riƙe da tsani, tana faɗa wa samari inda suka bar gurbi. Akwai mahaifin wani ɗan aji biyu, magini ne, ya zo da cokalinsa da kwanon siminti ya bi duk tsagar da ke jikin katangar ya toshe. Ya ce da yaran sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa, kuma duk fentin da aka shafa a kan tsaga damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura ya ɓare. Darasin da ya koyar a tsaye cikin minti goma, ban ga littafin da zai koyar da shi haka ba.

Yabo na musamman ga malamarmu ta zane. Wata biyu ke nan tana tattara zane-zanen yara daga kowane aji, tana zama bayan an tashi tana haɗa su, har suka zama hoto ɗaya mai tafiya: bishiyoyi, kogi, littattafai a buɗe, haruffa da lambobi, da zayyanar da 'yan aji uku suka ƙirƙira da kansu. Ba ta taɓa zuwa ofishina neman ladan ƙarin aiki ba. Da kowane malami zai ɗauki abin da aka damƙa masa haka, da ba na tsayawa bakin ƙofa da safe ina duba agogo. Masu jin wannan sun san kansu.

Wasu iyaye sun tare ni suna cewa ga jarrabawa ta ƙarato, me ya haɗa yaro da fenti? Tambaya ce mai kyau, kuma ga amsata. Hoton da ke kan takarda an kasa shi gida-gida, kowane gida santimita 2. A jikin katanga kowane gida rabin mita ne, wato an ninka tsawonsa sau 25. Malamin lissafi ya tsayar da 'yan aji uku ya tambaye su, to fentin da zai cika gidan sau nawa zai ninku? Kusan duka suka ce 25. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta tsuguna ta zana a ƙasa da tsinke, ta ɗago ta ce 625. Wannan tambayar tana fitowa a jarrabawa, kuma na tabbata waɗanda suka tsaya a wurin ba za su sake faɗuwa a kanta ba.

Ba mu muka fara ba. A ƙasar Meziko, bayan juyin juya halinsu, ministan ilimi José Vasconcelos ne ya kira masu zane ya ba su bangayen gine-ginen gwamnati, domin a lokacin yawancin jama'a ba su iya karatu ba, ya ga bango zai iya koyar da su tarihinsu. Babban zanen bango na farko da ɗaya daga cikin masu zanen, Diego Rivera, ya fara a 1922, a cikin makaranta ya yi shi. A birnin Los Anjalas na Amurka, wata mai zane, Judith Baca, ta ja matasa sama da 400 suka zana tarihin yankinsu a jikin katangar wata magudanar ruwa, tun daga 1976, tsawon zanen ya haura mita 800. Amma wanda ya fi kama da halinmu shi ne na birnin Filadelfiya, shi ma a Amurka. A 1984 hukumar birnin ta rasa yadda za ta yi da samari masu ɓata bangaye da fentin feshi, sai aka ɗauki wata mai zane, Jane Golden, ta je ta same su ta miƙa musu burushi. Yau an zana bangaye sama da 4,000 a ƙarƙashin wannan shiri.

Na kawo wannan ne saboda abin da na gani da idona. Akwai yaron da sau uku ina kiran mahaifinsa a kan rubutu a ƙofar bayi. Ranar Asabar shi aka ba zaren da aka turbuɗa cikin garin alli. Ya ja shi ya ɗaure tamau, ya ɗaga tsakiyarsa da yatsa biyu ya saki, zaren ya daki katanga ya bar layi miƙaƙƙe sar. Ya ja da baya ya duba, bai gamsu da na uku ba, ya goge da tsumma ya sake. Har aka tashi bai zauna ba. Ranar Litinin da safe shi ne ya shigo ofishina a guje, idonsa jajir, ya ce wani ya manna fosta cikin dare a kan farin shafin da suka yi. Shi da abokansa suka jiƙa ta suka ɓare a hankali kafin a kaɗa ƙararrawa. Wanda ya manna, in yana cikin masu karanta wannan takarda ko ya san mai karantawa, ya sani gumin yara ya taka. Maƙwabta sun yi alkawarin sa ido, mu ma mun sanar da hukuma.

Ga masu fargabar lafiyar yaransu, kuna da gaskiya ku tambaya. Kankare tsohon fenti manya ne kaɗai suka yi, da takunkumi, bayan an jiƙa katangar don kada ƙura ta tashi, saboda tsohon fenti kan ƙunshi dalma, ita kuwa illa ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Fentin da yara ke taɓawa na ruwa ne, babu mai ɗauke da mai ko ƙamshi mai hawa kai. Sabulu na fitar da shi daga fata, amma in ya bushe a tufa ya zauna ke nan, don haka kada a sake turo min yaro da kayan makaranta ko sabon ɗinki. Tsofaffin kaya, takalmi mai rufe ƙafa, hula, da gorar ruwa. Ƙananan yara ba sa hawa tsani ko kaɗan, nasu daga ƙasa ne zuwa inda hannu ya kai. Manyan yara ma ba mai hawa sai da babba riƙe a ƙasa, kuma nan ne rashin zuwanku ya tsayar da aiki, domin rabin saman katangar har yanzu fari ne fat.

Za mu riƙa farawa ƙarfe 7 na safe mu tashi ƙarfe 11. In rana ta take, fenti kan bushe tun bai kama bango ba, yara kuma su galabaita. Idan an yi ruwa daren Juma'a babu aiki, ba a shafa fenti a jiƙaƙƙen bango. Saura Asabar uku: biyu na cika launi, ta ƙarshe ta gyaran layuka da shafa ruwan kariya mai tare rana da ƙura. Ina neman kowane gida ya ba mu babba ɗaya, Asabar ɗaya kacal. Ba sai kun iya zane ba. Akwai wanke burushi, akwai ɗebo ruwa, akwai tsare hanya. Kafintoci, magina da masu sana'ar fenti da ke cikinku, ku muke jira musamman.

Takardar izinin da aka ba yara tun makon jiya, har yanzu wasu azuzuwan ba su dawo da rabi ba. Yaron da ba a sa wa hannu ba zai koma gida ranar Asabar ko da kuka zai yi, kuma ba malami za a zarga ba. A dawo da ita zuwa Laraba.

Sauran batutuwa a taƙaice. Jadawalin jarrabawa yana manne a allon sanarwa. Masu sauran kuɗin makaranta su ga ma'aji. Makara ta sake yawa, ƙofa na rufuwa a lokacin da kuka sani. Rigunan sanyin da aka tsinta suna wurin maigadi, wanda shi ma ya cancanci godiya, domin shi ya tsaya bayan kowa ya watse ya wanke burushi ɗaya bayan ɗaya ya jera su a inuwa.

A ƙasan wannan takarda akwai gurbin da za ku rubuta suna da Asabar ɗin da kuka zaɓa. Ku yanke ku ba yaro ya kawo wa malamin ajinsa tare da takardar izini.

Wassalam,
Shugaban makaranta